Fana'i, Wahdatul Wujudi da Maganar "Babu Biyu": Amsoshin Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini

Ni ba shehi ba ne, ba muƙaddami ba ne, kuma ban taɓa ba kowa wuridi ba. Tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya a nan cikin birnin Katsina, wanda Allah ya jarrabta da son karance-karance da zama gaban malamai tun yana saurayi. Na zauna da 'yan Tijjaniyya, na zauna da 'yan Ƙadiriyya, kuma cikin aminaina na ƙut da ƙut akwai 'yan Izala da muke shan shayi tare muna musu har a kira isha'i. A 'yan shekarun nan sai ga tambayoyi kusan iri ɗaya suna ta zuwa mini, wasu a zaure bayan la'asar, wasu ta WhatsApp tsakar dare. Yawancin masu tambayar matasa ne da suka ci karo da bidiyon wani Bature ko Ba'indiye yana cewa "kai" ɗin da kake jin kai ne babu shi, ko suka ji wani a majalisa ya saki magana mai nauyi kan Allah da bawa ta hana su barci. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na tattara su wuri guda. Inda na kauce, masu sani su gyara mini.

Malam, wai me ake nufi da "babu biyu"?

Masu wannan koyarwa cewa suke yi rabuwar da mutum yake ji tsakaninsa da sauran abubuwa, wato ga ni nan, ga duniya can, ba ita ce gaskiyar lamari ta ƙarshe ba. A wurinsu samuwa ta haƙiƙa guda ɗaya ce tak, saura duk aro ne. Ranar da mutum ya gane haka a zuciyarsa, ganewar ɗanɗano ba ta hadda ba, ita suke kira farkawa. Sun ari kalmar ne daga mai barci. Yana cikin mafarki kura ta biyo shi, yana gudu yana haki, da ya buɗe ido sai ya gan shi kan tabarmarsa. Ba wanda ya kashe kurar, ba wanda ya kore ta. Dama can babu ita.

Inda gizo ke saƙa shi ne, jimla ɗaya ce amma bakuna da yawa ke faɗarta. Abin da Bahinde yake nufi da ita daban, abin da sufi Musulmi yake nufi daban, abin da mai neman mabiya a intanet yake nufi kuma daban. Duk wanda ya zuba su a ƙwarya ɗaya ya dama, shi ne zai sha ruɗani.

Wannan ba addinin mutanen Indiya ba ne?

Kalmar da ake fassarawa da "babu biyu" tasu ce. Da harshen Sanskirit ana ce mata Adbaita, ma'anarta ke nan kai tsaye: ba biyu ba. Babban malamin da ya tsara ta shi ne Shankara, wanda ya rayu wajen ƙarni na 8 miladiyya. Ya koyar da cewa ainihin ran mutum da abin da suke kira Brahman, tushen komai, abu ɗaya ne. Misalinsu sananne shi ne na igiya da maciji: mutum ya ga igiya a duhu ya ɗauka maciji ne, tsoronsa na gaske ne, amma macijin babu shi.

Mutum biyu ne daga zamanin baya-bayan nan ake yawan yawo da hotunansu a bidiyoyin da yaranmu ke kallo. Ɗaya Ramana Maharshi, an haife shi 1879. Yana ɗan shekara 16 wani tsoron mutuwa ya kama shi, sai ya kwanta ya miƙe kamar gawa yana tambayar kansa, to wane ne zai mutu? Daga nan ya bar gida ya tafi gindin dutsen Arunacala a kudancin Indiya, bai sake barin wurin ba har ya rasu 1950. Duk wanda ya zo masa da tambaya sai ya mayar da shi ga tambaya ɗaya: wane ne ni? Na biyun Nisargadatta, ɗan tireda mai sayar da tabar gargajiya a Bombai, ya rasu 1981.

Ba na zagin mutanen nan. Da alama sun yi da gaske, kuma ba su tara dukiya da abin ba. Amma koyarwarsu ta tsiro ne daga littattafan addinin Hindu, tana tafe da imani da sake haihuwa bayan mutuwa, kuma ba ta san bambancin Mahalicci da abin halitta yadda Musulmi ya san shi ba. Wanda ya ce maka duk tafiyar ɗaya ce, ko dai bai karanta su ba, ko bai karanta namu ba.

To mu a Musulunci akwai wani abu mai kama da wannan?

Akwai, kuma ya girmi duk wani bidiyo. Sufaye suna kiransa fana'i, wato ƙarewa. Suna kafa hujja da ayoyi irin wadda ke ƙarshen Suratul Ƙasas, cewa kowane abu mai halaka ne sai zatinsa, da ta Suratur Rahman, cewa duk wanda ke kanta mai ƙarewa ne, zatin Ubangijinka ne ke wanzuwa. Suna kawo ayar Suratul Hadid: shi ne na farko, shi ne na ƙarshe, shi ne bayyananne, shi ne ɓoyayye. Suna kawo hadisin ƙudusin da ke cikin Bukhari, inda Allah yake cewa bawansa ba zai gushe yana kusantarsa da nafilfili ba har ya so shi, idan ya so shi sai ya zama jinsa da yake ji da shi da ganinsa da yake gani da shi. Akwai kuma baitin Labidu da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce shi ne mafi gaskiyar kalmar da mawaƙi ya faɗa: ku saurara, duk abin da ba Allah ba ɓatacce ne.

Abin da manyansu suke nufi da fana'i ga shi. Mutum ya dage da ambaton Allah, zuciyarsa ta cika da shi, har ya kai wani hali da ba ya ganin komai sai Allah, har kansa ma ya manta da shi. Ka fita tsakar gida da hantsi ka ɗaga kai. Taurari nawa ka gani? Ko ɗaya. Sun tafi ne? Suna nan, hasken rana ne ya rufe su. Wanda ya ce "ban ga tauraro ba" ya faɗi gaskiyar abin da idonsa ya gani. Wanda ya ce "babu taurari" ya yi kuskure. Rabin rigimar da ake yi kan wannan mas'ala tun fiye da shekara dubu tana tsakanin waɗannan jimloli biyu ne.

Kuma fana'i ba shi ne ƙarshen tafiya ba a wurinsu. Junaidu na Bagadaza, wanda ya rasu 910 miladiyya kuma kusan duk ɗariƙun sufaye suke girmamawa, ya dage cewa bayan maye akwai wartsakewa, bayan fana'i akwai baƙa'i, wato wanzuwa. Bawa yana dawowa cikin mutane, ya ci gaba da sallarsa da sana'arsa da ciyar da iyalinsa, sai dai zuciyar da ya dawo da ita ba irin wadda ya tafi da ita ba ce. Wannan dawowar ita masu bidiyo suke tsallakewa, domin ba ta da armashin da zai tara 'yan kallo.

An ce Ibnu Arabi ya ce komai Allah ne. Gaskiya ne?

Muhyiddin Ibnu Arabi an haife shi a Mursiya ta Andalus, Sifen ta yau, a 1165, ya rasu a Dimashƙa 1240. Rubuce-rubucensa suna da yawa kuma suna da wuyar gaske. Sunan "wahdatul wujudi", kaɗaituwar samuwa, na bayansa ne suka laƙaba wa koyarwarsa, masoya da masu suka. Masu kare shi suna cewa abin da yake nufi shi ne Allah kaɗai ke da samuwa ta ƙashin kansa, ni da kai da dutsen nan samuwarmu ba tamu ba ce, kamar hoto a madubi ne da ba ya tsayawa in mai shi ya kauce. Suna kuma kawo maganar da ake jingina masa cewa bawa bawa ne komai ɗaukakarsa, Ubangiji Ubangiji ne komai kusantowarsa. Masu suka kuwa suna nuna wasu wurare a littattafansa da zahirinsu ke share iyakar nan, kuma wuraren suna nan, ba ƙage aka yi ba.

Wanda ya fi shahara da sukarsa shi ne Ibnu Taimiyya, ya rasu 1328. Sai dai matasan da ke ɗaga sunansa a musu ba kasafai suke sanin cewa shi kansa ya kasa fana'i kashi uku ba. Na farko, mutum ya ƙare daga nufin komai sai abin da Allah yake so: wannan ya yaba shi, ya ce hanyar annabawa ce. Na biyu, mutum ya daina ganin komai sai Allah saboda rinjayen hali: ya ce wannan yana faruwa ga wasu masu tafiya, rauni ne ba kamala ba, amma ana yi wa mai shi uzuri. Na uku, mutum ya ce babu wani abu samamme da ba Allah ba, Mahalicci da halitta abu ɗaya ne: wannan ya yaƙe shi. Ka ga ashe ko shi bai ce duka ƙarya ba ne.

Akwai kuma Shehu Ahmad Sirhindi na Indiya, babban shehin ɗariƙar Naƙshabandiyya da ya rasu 1624. Shi ya ce ya bi ta wurin da kansa, ya ga kaɗaituwar, sannan aka wuce da shi gaba ya tarar da cewa a ganinsa ne abin ya zama ɗaya, ba a haƙiƙa ba, kuma maƙamin da ke sama da wannan shi ne bauta. An san ra'ayinsa da wahdatus shuhudi, kaɗaituwar gani. A maimakon "duk shi ne", ya ce "duk daga gare shi ne". In ka tambaye ni, nan hankalina ya fi kwanciya. Na san masana Ibnu Arabi za su ce ban fahimce shi ba, kuma mai yiwuwa su ke da gaskiya.

Hallaju fa, da aka kashe?

Sufi ne, an kashe shi a Bagadaza a 922 bayan ya shafe shekaru a tsare. Kalmar da aka fi saninsa da ita ita ce "ni ne Gaskiya", Gaskiya kuwa, wato Alhaƙƙu, ɗaya ne daga sunayen Allah. Masu tarihi sun nuna cewa siyasar fada ta taka rawa babba a shari'arsa, ba kalmar kaɗai ba. Imam Gazali, wanda ya rasu 1111, ya ce irin waɗannan maganganu na masoya ne a halin maye, naɗe su ake yi a ajiye, ba a yawo da su, kuma in mai su ya dawo hayyacinsa yakan gane cewa abin ya yi kama da haɗewa ne, ba haɗewa ba ce. Mu kuwa yau mun mai da su abin liƙawa a bayan Keke Napep.

Wannan ilimi ya taɓa zuwa ƙasar Hausa, ko baƙo ne?

Ba baƙo ba ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo Baƙadire ne kuma ya yi rubutu kan tasawwufi. Jikansa Abdulƙadir ɗan Tafa, ɗan 'yarsa Khadija, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864, ya yi zurfi a ilimin Ibnu Arabi da na Abdulkarim Jili, wani sufi mai bin tafarkin Ibnu Arabin, ya kuma yi rubutu a kai. Sai dai a wancan zamani abin na 'yan ƙalilan ne, waɗanda suka riga suka ƙoshi da fiƙihu da nahawu da tauhidi.

Mu duba namu na gida. Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu 1667, almajirin Wali Ɗan Marna, duk Katsina ta yarda waliyyi ne. Me ya bar mana a rubuce? Cikin abin da aka sani akwai sharhin Ashmawi, littafin tsarki da sallah da yara ke farawa da shi, da sharhin Ishiriniya, yabon Annabi. Mutumin da ake ba da labarin karamominsa ya zauna yana warware wa almajirai abin da ke karya alwala. Ni wannan yana gaya mini wani abu.

Abin ya yaɗu cikin jama'a ne da zuwan Faila, wato kwararowar sanin Allah, ta Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha a Sanagal, wanda aka haifa 1900 ya rasu a Landan 1975. A 1929 ya bayyana cewa shi ne ma'abocin Failar da aka yi bushara da ita a Tijjaniyya, kuma a 1937 ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajji, daga nan hanya ta buɗe zuwa ƙasar nan. Ta hanyar abin da ake kira tarbiyya, ma'arifar da a da sai manyan malamai bayan doguwar halwa, ta zama abin da tela da direba da matar aure za su nema. Wannan alheri ne babba a ganin mabiyansa. Amma ƙofa in ta yi faɗi kowa shiga yake, har da waɗanda ake kira 'yan haƙiƙa, masu sakin kalaman da manyan shehunan ɗariƙar da kansu suka fito suka barranta daga gare su. Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas 1815, an ruwaito ya ce in kun ji magana daga gare ni ku auna ta da ma'aunin shari'a, in ta dace ku ɗauka, in ta saɓa ku bar ta.

Idan mutum ya kai, sallah tana faɗuwa a kansa?

A'a. Wa ya kai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi? Shi kuwa yana tsayuwar dare har ƙafafunsa su kumbura. Masu wannan da'awa suna fakewa da ayar ƙarshen Suratul Hijri, ka bauta wa Ubangijinka har yaƙini ya zo maka, alhali malaman tafsiri sun ce yaƙinin nan mutuwa ce. An taɓa gaya wa Junaidu cewa wasu suna cewa masu sanin Allah sukan kai inda za su bar ayyuka, sai ya ce ɓarawo da mazinaci sun fi mai wannan magana kyan hali.

Ina da ɗan ƙanwa mai gyaran waya. Ya yi wata uku yana kwana kan irin bidiyoyin nan, sai uwarsa ta zo mini da kuka wai ya daina tashi asuba. Na kira shi zaure. Ya zauna ya harɗe ƙafa, ya ce, "Kawu, ai wanda zai yi sallar ma babu shi. Wa zai yi wa wa?" Na ce madalla, ashe an huce. Na san yana bin wani maƙwabcinmu naira dubu bakwai kuɗin gilashin waya, har sun yi cacar baki a kai. Na ce, "To tunda babu kai, bari in aika a gaya wa mutumin nan bashi ya faɗi." Sai ya sauke ƙafa. "A'a Kawu, wannan ai haƙƙina ne." Na ce haƙƙin wa? Ya yi shiru, sannan ya fashe da dariya. Ban ce ranar ya shiryu ba, an ɗan ƙara kai ruwa rana, amma daga nan maganar ta fara warwarewa.

To ta yaya za a gane na gaske daga na bogi?

Wannan tambaya wani marini ne ya amsa mini ita, kuma bai san ya amsa ba. Ina yaro akwai tsohon da muke zuwa kallo a marina, hannuwansa sun rine har gwiwar hannu, sabulu ya daina yi musu komai. Zai tsoma farin ƙyalle a rijiyar rini, cikin ruwan baba da toka mai warin nan da ba a mantawa, ya juya shi ya matse a ƙasan ruwa. In ya ɗago shi sai ka gan shi kore-kore, wani fatsi-fatsi, ba kyan gani. Ran farko na ce, "Baba, rinin bai kama ba." Ya ce, "Yaro, ba a ganin rini cikin rijiya. Sai an hiddo shi ya sha iska." Ya baza shi, muna tsaye, a gaban idona koren nan ya riƙa juyewa yana zama shuɗi. Sannan ya sake tsomawa, ya sake fiddowa, sau da yawa, kowane zagaye launin na ƙara duhu. Ƙarshe a kai wa mabuga su daka shi da dundu har ya yi ƙyalli.

Da na girma na ji masu ilimin kimiyya suna cewa iskar ce ke haɗuwa da sinadarin baba ta fito da launin, kuma ita ke sa ya kama zare. To haka na fahimci fana'i da baƙa'i. Abin da ya faru da mutum a cikin halwa ko a tsakiyar zikiri ba mai ganinsa, shi kansa ba zai iya tantance shi a lokacin ba. Sai ya fito ya sha iskar kasuwa da ta gida. Matarsa za ka tambaya. Yaron shagonsa za ka tambaya, da wanda yake bin sa bashi, da wanda ya taka masa ƙafa a sahu. Ƙyallen da aka bari a rijiya kuwa ba ya yin shuɗi, ruɓewa yake yi. Kuma komai kyan rinin, ƙyalle yana nan ƙyalle, bai zama baba ba. Alƙur'ani ma a Suratul Baƙara ya yi maganar rinin Allah, ya ce wa ya fi Allah kyan rini, sai ya rufe ayar da cewa mu masu bauta ne gare shi. Shi kansa Ɗan Marna, da Larabci Ibnus Sabbag ake ce masa, ɗan marini.

Alamun bogi ba su da wuyar gani. Yawan ba da labarin maƙaminsa. Raina malaman fiƙihu da kiran sauran Musulmi makafi. Keɓewa da matan mutane da sunan tarbiyya. Kuɗin da ake yankawa kafin a "buɗe" maka. Na taɓa zuwa wurin wani da aka yi ta kambama mini, na tarar almajiransa na rarrafe a gabansa, shi kuwa yana zagin yaron da ya kawo shayi don sukari ya yi kaɗan. Na sha shayina na yi sallama.

Zan iya kama hanyar ni kaɗai daga littafi ko YouTube?

Karatu za ka iya, kuma ka yi. Amma girman kai da riya ba sa nuna kansu ga mai su, gwano ba ya jin warin jikinsa. Amfanin malami na gari shi ne ya ce maka "wannan ba komai ba ne, ci gaba" ranar da kake jin ka zama wani abu. Waya ba za ta gaya maka haka ba, ƙara maka irin abin da kake so take yi. Fara da gyara tsarki da sallah da sanin abin da ya wajaba da wanda ya koru ga Allah. In za ka nemi malami, nemi wanda mutanen unguwarsu suka shaide shi shekara da shekaru, ba wanda ya yi suna a nesa ba.

Kwana nawa ake ɗauka?

Wasu suna ba da labarin kwanaki, wasu shekara arba'in, wasu sun mutu ba su ɗanɗana ba kuma ba abin da ya ragu daga matsayinsu wurin Allah, domin ba a wajabta wa kowa fana'i ba. Wanda ya yanka maka rana, ka riƙe aljihunka.

Wani lokaci ina jin kamar ba ni ba, kamar ina kallon kaina daga nesa, duniya kamar fim. Fana'i ne?

Wannan tambaya ita ta fi tayar mini da hankali, kuma ta zo mini fiye da sau ɗaya. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wani yanayi da mutum ke jin ya rabu da jikinsa, ko komai ya zama kamar ba gaske ba. Yakan biyo bayan tsananin damuwa, firgici, rashin barci na kwanaki, ko shan wiwi da ƙwayoyi. Yawanci yana zuwa da tsoro da ƙuncin rai, mutum ya ji ya bushe, ba ya jin son kowa. Abin da sufaye ke siffantawa kuwa yana barin mutum da natsuwa da kunya da tausayi. In kana jin tsoro, ba ka barci, kana jin muryoyi, ko tunanin cutar da kanka yana zuwa maka, ka rage dogon zikirin dare, ka ci abinci, ka yi barci, ka gaya wa wani babba a gida, ku je asibiti. Zuwa wurin likita ba raunin imani ba ne. Na ga yaron da aka yi ta ce wa "buɗi ne, buɗi ne" wata shida, ashe ciwo ne da magani ya yi wa sauƙi cikin makonni.

Mu mata fa, Malam, muna da rabo a ciki?

Ƙwarai kuwa, 'yata. Rabi'atul Adawiyya ta Basra tana cikin na farko-farkon da aka ji maganar son Allah tsantsa daga bakinsu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu 1864, ta yi waƙa ta jero mata salihai masu wannan hanya, ta kuma tura jajis, wato matan da ta horar, ƙauyuka suna karantar da mata. Abin da zan ƙara kawai shi ne ki yi hattara da duk malamin da zai ce sirrin ba ya ba da shi sai ku biyu a ɗaki, ko ya ce ki ɓoye wa mijinki ko iyayenki. Tashi ki bar wurin.

In babu karama, babu faɗuwar sallah, to mene ne amfanin abin ga mai nema?

Ka lura da yininka ɗaya. Wane bai gaishe ni ba. An ba wane an hana ni. Me za a ce da ni in na sa wannan rigar. Na yi sadaka, an gani kuwa? Tun daga asuba har kwanciya wannan "ni" ɗin yana kanka kamar buhun gero, kuma yawancin baƙin cikinmu daga gare shi yake. Wanda ya ɗanɗani ko kaɗan daga abin da ake magana a kai, ya gane a zuciyarsa cewa numfashinsa da basirarsa da dukiyarsa aro ne, buhun nan yana yi masa sauƙi. Zagi ba ya kwana a ransa kamar da. Yabo ba ya kumbura shi. Hassada tana rasa wurin zama, tunda wanda ya ba wancan shi ne ya ba shi. Sallarsa tana matsowa kusa da abin da hadisin Jibrilu ya kira ihsani, ka bauta wa Allah kamar kana ganinsa. Tsoron talauci da na mutuwa ba sa tafiya gaba ɗaya, amma suna sassauta riƙo.

Na san wani tsoho mai sayar da goro da bai taɓa furta kalmar fana'i a gabana ba. Gobara ta cinye masa rumfa, muka je jaje muna ta neman abin faɗa, shi kuwa yana tambayarmu ko mun ci abinci, yana aika yaro ya duba maƙwabcinsa da tasa rumfar ta fi ƙonewa. Ba dauriya yake yi ba, na san fuskar mai dauriya.

To kai Malam, ka samu?

Tambayar da kowa ke ajiyewa sai zai tashi. Ban samu ba. Abin da zan iya faɗa shi ne sau ɗaya, shekaru da dama da suka wuce, ranar da muka kai mahaifina maƙabartar Ɗan Marna. Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gari. An gama, mutane sun fara watsewa, ni na tsaya ina maimaita kalmar shahada a hankali. Sai na ɗan wani lokaci, ban san tsawonsa ba, na nemi mai baƙin cikin na rasa. Ga ƙasa ja, ga sanyi, ga kukan kurciya, ga ambaton yana fita, amma ba wanda ke riƙe da komai. Ba tsoro, ba murna. Sai ƙanena ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaya, mu tafi, ana jiranmu a gida."

Na gaya wa malamina bayan sadakar bakwai, ina tsammanin zai ce wani abu babba. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Alhamdu lillahi. Ka biya bashin da ake bin mahaifinka?" Na ce da saura. Ya ce in je in fara da wannan. A makon nan dai na yi wa ɗiyata tsawa har ta yi kuka don ta zubar da koko a kan littafina. Abin bai sake dawowa ba, ni ma na daina jiransa. Kwanaki na tambayi Hajiya ko ta ga wani canji a tsawon shekarun nan, ta ɗan yi tunani, ta ce faɗan ya ragu amma har yanzu ba na mayar da murfin buta.